Bigfoot da Yeti: sawu ya yi yawa, ina gawar?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wani bidiyo da ke ta yawo a WhatsApp, wani ƙaton abu mai baƙin gashi yana ratsa bakin rafi da ƙafa biyu, ya waiwayo ya kalli mai ɗauka, ya shige daji. An rubuta a ƙasa wai "ragowar samudawa a Amurka". Masu ilimin cikinmu, da gaske akwai wannan halitta ko wasan yara ne?

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Wannan bidiyon ya girmi yawancinmu a nan. Ranar 20 ga Oktoban 1967 aka ɗauke shi a bakin wani rafi da ake kira Bluff Creek, arewacin jihar Kalifoniya. Mutum biyu ne a kan dawakai, Roger Patterson da Bob Gimlin, kuma wurin da abin ya fito a hoton bai wuce minti ɗaya ba. Amurkawa na kiransa Bigfoot, wato babbar ƙafa, mutanen Kanada kuma sun fi cewa Sasquatch. Maganar samudawa kuwa wani ne ya liƙa ta don a yi ta turawa.

Yarima Na Kurna: To Malam, shekara kusan 60 ke nan ba a iya ƙaryata shi ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ku duba yadda naman cinyarsa ke motsi, ku duba tsawon hannun. A 1967 wane tela ne zai ɗinka irin wannan rigar?

Malamin Bayoloji: Yarima, ba a tabbatar da shi ba, shi ne maganar. Patterson ba tsautsayi ne ya kai shi wurin ba. Shekara guda kafin nan ya wallafa littafi a kan Bigfoot, sannan ya yi hayar kyamara ya tafi daidai inda ake cewa ana ganin sawun, don ya ɗauki fim. Mutum ya fita neman abin da zai sayar, ya dawo da shi, ai dole a ɗaga gira. A 2004 wani mai suna Bob Heironimus ya fito ya ce shi ne ya saka rigar birin aka ɗauke shi. Gimlin ya musanta, shi kuwa Patterson ya rasu tun 1972 yana kan bakansa. Maganar wannan ce da ta wancan, babu rigar, babu dabbar.

Yarima Na Kurna: Ka ga ke nan ba a gama shari'a ba.

Direban Tirela (Amurka): Salamu alaikum. Bari in sa baki tunda a yankin nake neman abinci. Ina jan tirela tsakanin jihohin Washinton da Oregon da arewacin Kalifoniya. Gaskiya dajin nan ba ƙarami ba ne, itatuwa ne dogaye masu duhu, hazo kusan kullum, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga rufin gida ba. Duk wanda ya kwana a gefen hanyar nan shi kaɗai da dare zai gane dalilin da ya sa labarin ya zauna. Amma abin da idona ke gani shi ne kasuwa. Hoton Bigfoot na jikin motoci, yana jikin kofin shayi, yana kan riguna, gidajen mai suna ajiye gunkinsa na katako a ƙofa yara na ɗaukar hoto. Akwai wani gari, Willow Creek, da ke da gidan tarihinsa, har biki suke yi masa duk shekara. A gundumar Skamania ta jihar Washinton ma tun 1969 aka kafa dokar hana kashe shi.

Maman Ilham: Ikon Allah. An yi wa abin da ba a taɓa kamawa ba dokar kariya?

Direban Tirela (Amurka): Ƙwarai kuwa, Maman Ilham. Amma dokar tana da wata hikima. Mutane ne suka riƙa cika dajin da bindigogi suna neman Bigfoot, hukuma ta ji tsoron kada a harbe wani bawan Allah mai gemu da ya fito yawo. Ni abin da ke ɗaure mini kai daban ne. Motoci na buge barewa a hanyoyin nan ba adadi, na sha ganin gawarsu da asuba, na taɓa ganin ta beyar ma an ja ta gefe. Tun da aka shimfiɗa titunan nan babu motar da ta taɓa buge Bigfoot ko ɗaya. Shi kaɗai ne ya iya tsallaka titi?

Jikan Sarkin Baka: Direba ka taɓo inda nake jira. Ni a gidan farauta na tashi. Abu na farko da kakanmu ya koya mana shi ne dabba ba ta iya ɓoye rayuwarta. Ko ba ka gan ta ba, za ka ga kashinta, za ka ga inda ta kwanta, da ragowar abin da ta ci, da gashin da ƙaya ta cire mata. In ta tsufa ta mutu za ka tarar da ƙashi, ko kura ta ci ba ta cinye haƙori. Kuma dabba ba ta zama ita kaɗai a duniya. In akwai ɗaya yau, to akwai uwarta da ubanta, akwai garke mai yawan da zai riƙa haihuwa ɗaruruwan shekaru. Halitta mai tsawon ƙafa 7 ko 8, ɗaruruwanta, a ƙasar da kowane maharbi ke da kyamarar da yake ɗaurewa a jikin bishiya, a ce sawu kawai ake samu? Sawu shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira a duk alamomin dabba.

Malamin Bayoloji: Allah ya ja kwana, Jikan Sarkin Baka, kamar ka san tarihin. Sunan Bigfoot ɗin kansa daga sawu ya fito. A 1958 wani direban katafila, Jerry Crew, da ke aikin buɗe hanyar masu yankan katako a wannan Bluff Creek ɗin, ya riƙa tarar da manyan sawaye kewaye da katafilarsa da safe. Ya zuba farar ƙasa ya ɗebo siffar ɗaya, tsawon inci 16, jaridar Humboldt Times ta buga hotonsa riƙe da ita, labari ya zagaye Amurka. Ɗan kwangilar aikin sunansa Ray Wallace, mutum ne da aka sani da barkwanci. Da ya rasu a 2002 sai iyalansa suka fito da wasu ƙafafun katako da aka sassaƙa, suka ce da su yake buga sawun don ya tsokani ma'aikatansa.

Yarima Na Kurna: Wannan na Wallace ne. Amma ai 'yan asalin ƙasar, tun kafin Bature ya zo, suna da labarin. Su ma katako suka sassaƙa?

Malamin Bayoloji: A nan kana da gaskiya, Yarima. Ƙabilu da dama na gaɓar yammacin Kanada da Amurka suna da labarin mutanen daji masu gashi. Wani malamin makaranta, J. W. Burns, shi ya tattara irin waɗannan labarai a wajen mutanen Chehalis na lardin British Columbia a shekarun 1920, ya yaɗa sunan Sasquatch a jaridu. Sai dai in ka bi labaran, da yawansu ba biri suke bayyanawa ba. Wasu na cewa mutane ne masu harshe da ƙauyukansu, wasu na ɗaukarsu halittun ɓoye masu bayyana su ɓace. Baƙi ne suka mayar da shi goggon birin da za a je a kamo.

Maman Ilham: Wato dai Dodonsu ne. Mu ma an tsorata mu da Dodo muna yara, babu wanda ya ɗauki kyamara ya tafi nemansa.

Ustaz Abu Sumayya: Jama'a a riƙa sassautawa wajen yanke hukunci. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nahli, aya ta 8, yana halittar abin da ba ku sani ba. Don haka ba za mu ce ba zai yiwu ba. Amma kuma Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu ɗauka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu jingina abin ga samudawa ko Yajuju da Majuju don bidiyonsu ya samu masu kallo. Wannan ƙarya ce ake yi wa addini, a daina turawa.

Baban Khalifa: Allah gafarta Malam, mun ji, na goge shi daga zauren gidanmu. To shi Yeti, takwaransa da ake cewa yana duwatsun Himalaya na Asiya fa? Shi na ji har sojojin Indiya sun tabbatar.

'Yar Jami'a: Baba, bari in amsa wannan, na ɗan karanta a kai. A watan Afrilun 2019 rundunar sojin Indiya ta saka hotuna a shafinta na Twitter, ta ce tawagarta ta masu hawan dutse ta ga sawun Yeti kusa da sansanin dutsen Makalu a Nepal, inci 32 a tsaye, 15 a faɗi. Dariya aka yi musu sosai, domin sawun a layi ɗaya yake tafiya kamar mai ƙafa guda. Ɓangaren Nepal suka ce sawun beyar ne, an saba ganinsa a wurin.

Hoton da ya fi shahara shi ne na 1951, wanda Eric Shipton ɗan Ingila ya ɗauka a kan ƙanƙarar Menlung lokacin da suke neman hanyar hawa Everest. Ya ajiye gatarinsa na ƙanƙara kusa da sawun don a ga girmansa. Daga nan Turawa suka haukace da neman Yeti. Jaridar Daily Mail ta tura tawaga a 1954. Gwamnatin Nepal ta sa kuɗin lasisin neman Yeti rupi 5,000, har ofishin jakadancin Amurka a Kathmandu ya fitar da takarda a 1959 yana bayyana sharuɗɗan: a ɗauki hoto ko a kama shi da rai, kada a kashe sai don kare kai.

Jikan Sarkin Baka: 'Yata, wannan na layi ɗaya ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san sawu. Dabbobi da yawa in suna tafiya sukan ɗora ƙafar baya a inda ta gaba ta taka. Sawu biyu sun haɗu sun zama ɗaya mai tsawo, yatsu sun fito a karkace, sai wanda bai sani ba ya ce abu mai ƙafa biyu ne ya wuce. A rairayi ma iska na buɗa sawu, balle dusar ƙanƙara da rana ke narkarwa.

'Yar Jami'a: Wallahi Baba abin da masana suka faɗa ke nan. Wani Ba'amurke, Daniel Taylor, ya yi shekaru yana bin sawun a kwarin Barun na Nepal, ƙarshe ya ce baƙin beyar na Asiya ne ke ɗora ƙafa a kan ƙafa. Shi ma Reinhold Messner, mashahurin mai hawan dutsen nan, ya ce ya yi kiciɓis da abin da dare a Tibet a 1986, ya bi lamarin shekara da shekaru, ya ƙare a kan cewa beyar ne.

Yarima Na Kurna: Duk sawu kuke ta magana. Akwai fatar kan Yeti da hannunsa ajiye a gidajen ibadarsu. Wannan fa?

Malamin Bayoloji: Akwai su kam, kuma an gwada su. Fatar kan tana gidan ibadar mabiya Buddha na ƙauyen Khumjung. A 1960 Edmund Hillary, wanda ya fara hawa Everest tare da Tenzing Norgay, ya aro ta ya kai wa masana a Amurka da Turai, wani dattijon ƙauyen na biye da ita don kada ta salwanta. Aka gano an yi ta ne da fatar wata dabbar dutse mai kama da akuya, serow. Hannun kuma na gidan ibadar Pangboche ne. An cire yatsa ɗaya an fitar da shi a ɓoye zuwa Landan a 1959, ya yi shekaru a ajiye, a 2011 aka yi masa gwajin DNA a Edinbara, ya fito na ɗan Adam.

Manyan gwaje-gwajen guda biyu ne. Farfesa Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya yi shela duk mai gashin Yeti ko Bigfoot ya aiko. A 2014 ya fitar da sakamakon samfur 30: beyar, doki, saniya, kare ko kyarkeci, har da na mutum. Biyu daga Himalaya suka ɗan ta da ƙura saboda sun yi kama da wani tsohon farin beyar, da aka sake dubawa aka ce beyar ɗin Himalaya ne. A 2017 Charlotte Lindqvist ta Jami'ar Buffalo ta gwada samfur 9 da ake cewa na Yeti ne, ƙashi da haƙori da fata da gashi da kashi. 8 na beyar, 1 na kare. Ko hukumar FBI ta taɓa gwada gashin da aka aika mata a 1976 wai na Bigfoot ne, ta ce na barewa ne, ta saki takardun a 2019.

Direban Tirela (Amurka): Kuma beyar na miƙewa tsaye, jama'a. An taɓa yin wani a jihar New Jersey da ake kira Pedals, ƙafafunsa na gaba sun samu rauni, ya koma tafiya da ƙafa biyu cikin unguwanni. Ku nemi bidiyonsa. In ka hango wannan da magariba a tsakanin itatuwa, rantsuwa za ka yi ka ga mutum.

Maman Ilham: A da biri ne ya yi kama da mutum, yanzu beyar ya karɓe.

Yarima Na Kurna: Ku yi ta dariya. Haka Turawa suka yi wa 'yan Afirka dariya a kan goggon biri, sai a 1847 kimiyya ta yarda da shi. Na kan duwatsun Ruwanda sai 1902. Okapi na Kwango, ɗan'uwan raƙumin dawa, sai 1901. Saola ta Biyetnam, wata dabbar daji mai dogayen ƙaho, sai 1992. Kuma ai an taɓa yin ƙaton biri a duniya, Gigantopithecus. Me zai hana a ce ragowarsa ne?

Malamin Bayoloji: Madalla, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ka kawo, amma ka duba yadda aka gano kowannensu. Goggon biri da ƙoƙon kai da ƙasusuwa aka tabbatar da shi. Na dutse, wani hafsan Jamus, Robert von Beringe, harbe biyu ya yi. Okapi fata da ƙoƙon kai aka kawo. Saola ƙahonta aka tarar a gidan maharbi. Da aka tashi nema da gaske, ba a daɗe ba gawa ta zo hannu. Bigfoot an fi shekara 60 ana nema da kuɗi da jirage da kyamarori.

Gigantopithecus kuwa gaskiya ne. A 1935 wani masani, von Koenigswald, ya tsinci ƙaton haƙorinsa a shagon mai maganin gargajiya a Hong Kong, ana sayarwa a matsayin haƙorin dodo. Zuwa yau an samu haƙora wajen 2,000 da muƙamuƙi 4. Amma a kudancin Sin ya rayu, cikin daji mai ɗumi, ɗan'uwan birin orangutan ne, kuma ya ƙare fiye da shekara 200,000 da suka wuce. Abin da ya mutu tun wancan zamani ya bar mana haƙora dubbai, wanda ake cewa yana raye yau bai bar ko ɗaya ba. Sannan a duk nahiyar Amurka ba a taɓa tono ƙashin wani babban biri marar wutsiya ba.

'Yar Jami'a: Ga misali ma a gida. Goggon birin Kuros Riba, da ke duwatsun iyakar Najeriya da Kamaru, an ƙiyasta bai kai 300 ba, kuma yana gudun mutane matuƙa. Duk da haka kyamarar da aka ɗaure a duwatsun Mbe ta ɗauko garkensu da jarirai a baya, aka fitar da hotunan a 2020, tar da su.

Yarima Na Kurna: To shi ke nan, amma Rasha da Sin ba su yi wasa da abin ba. Tarayyar Sobiyet ta kafa kwamiti a 1958 ta tura tawaga duwatsun Pamir. Sin ta tura mutum sama da 100 dajin Shennongjia a 1977 neman Yeren, nasu mutumin dajin. Kuma a Kokeshiya an kama ɗaya da rai, mace, Zana, har ta haihu da mutane.

'Yar Jami'a: Yaya Yarima, tawagogin nan biyu hannu rabbana suka dawo. Zana kuwa, da ka san ƙarshen labarinta da ba ka kawo ta ba. A ƙarni na 19 aka kamo ta a dajin Abkhaziya, aka kai ta ƙauyen Tkhina, aka tsare ta a keji shekaru, daga baya aka sa ta aikin wahala, niƙa da ɗaukar kaya. An ce doguwa ce, baƙa, mai gashi a jiki, ba ta magana. Mazan ƙauyen suka riƙa yi mata ciki, 'ya'yanta huɗu suka rayu, suka tashi mutane kamar kowa, suna magana suna aure. Ta rasu wajen 1890. Masu neman Almas, wato mutumin daji irin Yeti, na Rasha, irin su Boris Porshnev, suka ce ragowar Neanderthal ce, wani jinsin mutanen da da suka ƙare, har aka tono kabarin ɗanta Khwit aka ɗauki ƙoƙon kansa. Sykes ya gwada jikokinta ya ce asalinta Afirka ne. A 2021 wasu masana suka karanta DNA ɗinta da na ɗanta, suka tabbatar mutum ce cikakkiya, tushenta Gabashin Afirka. Hasashensu shi ne tana da alaƙa da bayin da aka kai yankin a zamanin Daular Usmaniyya.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baiwar Allah ce baƙar fata, wataƙila ma marar lafiya, aka sa ta a keji aka ce dabba ce. In dabba ce me ya kai mazan garin wurinta? Sun san mutum ce sarai, kiran ta dabba ne ya ba su lasisin abin da suka yi.

Ustaz Abu Sumayya: Wannan zalunci ne, kuma akwai ranar hisabi.

Yarima Na Kurna: Na Zana na bar shi. Amma na Patterson ina nan a kan bakana sai an kawo mini rigar.

Direban Tirela (Amurka): Riga kam an taɓa kawowa, Yarima, sai dai ba waccan ba. A 2008 wasu mutum biyu a jihar Jojiya, ɗaya ma ɗan sanda ne, suka kira 'yan jarida suka ce suna da gawar Bigfoot a firiza. Da ƙanƙarar ta narke sai ga rigar roba an cusa mata kayan cikin dabbobi. Ɗan sandan ya rasa aikinsa.

Jikan Sarkin Baka: Yarima, ba mu ne za mu kawo riga ba, ku ne za ku kawo haƙori. Guda ɗaya ya isa, mu kai wa Malamin Bayoloji ya duba.

Malamin Bayoloji: Ni ɗakin gwajin makarantarmu ko wutar lantarki babu. Ku aika Buffalo.